ZARE: Likitan da ya rasa maganin ɗansa, da yadda aka gano sirrin farfaɗiyar jarirai

1/ Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi duk wanda ke da jariri a gida. Labarin wani likita ne a Ingila da ɗansa ya kamu da wata irin jijjiga, shi da ake kawo wa marasa lafiya ya rasa yadda zai yi. Sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin a fara gane abin da ya samu yaron. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Sunansa William James West, likita ne a garin Tonbridge da ke kudu da Landan. A Fabrairun 1840 aka haifa masa ɗa namiji, aka sa masa James Edwin. Lafiya lau aka haife shi, ɓul-ɓul, yana dariya kamar kowane jariri. Da ya kai wata 4 sai uban ya lura yaron yana ɗan kaɗa kai gaba, kamar mai gyangyaɗi. Ya ɗauka wasa ne irin na yara.

3/ Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Kaɗa kan ya koma duƙawa gaba ɗaya: kai ya yi ƙasa, gwiwoyi su taso sama, jiki ya naɗe na ɗan lokaci, sai ya saki. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sake. Haka zai yi ta yi sau 10, sau 20 ko fiye a jere, cikin minti 2 zuwa 3. A wuni kuma abin ya zo sau biyu, sau uku, wani lokaci fiye.

4/ Abin da ya fi tayar wa uban hankali ba duƙawar ba ce. Yaron ne ya fara dusashewa a gabansa. Ya daina murmushi, ya daina kula mutane, ba ya iya riƙe wuyansa balle zama, alhali ido yana gani, kunne yana ji. Ku riƙe wannan wurin da kyau, don nan ne gaba ɗaya labarin yake.

5/ West ya yi duk abin da ilimin zamaninsa ya ba shi. Ya zaci haƙori ne, ya tsaga wa yaron dasashi. Ya sa masa matsattsaku su zuƙi jini, ya sa masa ruwan sanyi a ka, ya ba shi maganin wankin ciki mai sinadarin zaiba. Allah sarki. Kafin mu yi wa mutumin dariya, mu tuna har gobe a wajenmu in jariri ya yi wani abu da ba a gane ba, kalmar farko ita ce "haƙori ne".

6/ Da abin ya gagara sai ya ɗauki yaron zuwa Landan wajen manya, Sir Charles Clarke da Dokta Charles Locock, wanda shi ne likitan da ke karɓar haihuwar Sarauniya Victoria. Clarke ya ce ya taɓa ganin irin wannan sau 4, har ya sa masa suna jijjigar "salaam", wai don duƙawar ta yi kama da yadda mutanen gabas ke rusunawa in za su yi gaisuwa. E, kalmar nan dai tamu ta sallama. Har yau tana cikin littattafan likitanci. Suna ya samu, magani babu.

7/ Sai West ya yi abin da ba kowane uba zai iya ba. Ya rubuta wasiƙa ga mujallar likitoci ta The Lancet, aka buga a Fabrairun 1841, ya fayyace komai game da ɗansa, yana roƙon duk likitan da ya san wani abu ya taimaka. Wannan wasiƙa ita ce bayanin farko na cutar a tarihi, kuma likitocin yau sun yarda da wuya a ƙara wani abu a kan yadda ya siffanta ta.

8/ To me ya hana su ganewa? A 1841 ba wanda ya san da me aka yi ƙwaƙwalwa. Tun zamanin Hippocrates, kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ce farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, ba daga iskoki ba. Al-Razi da Ibn Sina ma a cutar ƙwaƙwalwa suka ajiye ta. Amma cewa daga ƙwaƙwalwa take daban, sanin yadda take faruwa daban.

9/ A 1873 abubuwa biyu suka faru. A Landan, John Hughlings Jackson ya bayyana cewa farfaɗiya wani tartsatsi ne mai ƙarfi da ya wuce kima, wanda ke tashi farat ɗaya daga wani yanki na ƙwaƙwalwa. Da ido kawai ya gano haka, yana kallon yadda jijjiga ke farawa daga babban yatsa ta haura hannu ta kai fuska. A Italiya kuma Camillo Golgi ya samo wani rini da ke fito da ƙwayar ƙwaƙwalwa ɗaya tak, da duk rassanta, a ƙarƙashin madubin likita.

10/ Wani ɗan Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗauki rinin Golgi ya yi wata dabara. Ƙwaƙwalwar babba ta cika sarƙaƙiya kamar kurmi, sai ya koma duba ta 'yan tayi da jariran dabbobi, inda itatuwan ba su gama haɗewa ba. Nan ya ga kowace ƙwaya zaman kanta take, tana miƙa dogon zare tana laluben 'yar'uwarta. Golgi bai yarda ba. Aka haɗa su aka ba su kyautar Nobel tare a 1906, kuma Golgi ya hau mumbari ya soki ra'ayin abokin karɓar kyautarsa. Malamai ke nan.

11/ Cajal ne ke da gaskiya. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyi kusan biliyan 86, kuma yawancinsu tun a ciki ake yin su. Abin mamaki, ba a inda za su zauna ake haifarsu ba. Can tsakiya ake yin su, sai su yi ƙaura zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, su jeru hawa 6. Pasko Rakic ne ya nuna yadda suke wannan tafiya a farkon shekarun 1970. In wani ayari ya ɓata hanya ya sauka inda ba nasa ba, wurin kan zama tabo. Za mu dawo kan wannan tabon.

12/ Jariri yana zuwa duniya da ƙwaƙwalwa mai nauyin giram 350 zuwa 400. Ta babba tana kai 1,300 zuwa 1,400. Kafin ya cika shekara 2 ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girmanta. Tunda ba sababbin ƙwayoyi ake ƙarawa sosai ba, me ke ƙaruwa? Wayoyi. Haɗi tsakanin ƙwaya da ƙwaya, da rigar da ake sa wa wayoyin.

13/ Mutumin da ya zauna ya ƙirga wannan haɗin shi ne Peter Huttenlocher, likitan ƙwaƙwalwar yara a Jami'ar Chicago. Aiki ne na haƙuri, yana duba ɓallin ƙwaƙwalwar mamata masu shekaru daban-daban yana ƙirga mahaɗai. A 1979 ya fitar da sakamakon da ya ba kowa mamaki: a gaban ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 ya fi babba yawan mahaɗai da kusan rabi. Daga nan sai su yi ta raguwa har zuwa balaga.

14/ Wato ƙwaƙwalwa noman gero take yi. Ta zuba iri da yawa a rami ɗaya, in ya tsiro ta bar masu ƙarfi ta cire sauran. Kuma da me take gane mai ƙarfi? Da amfani. Hanyar da ake bi kullum ita ke zama turba, wadda ba a bi ciyawa ta cinye ta. Muryar uwa, fuskar da yake gani, abin da hannunsa ya damƙa, su ne ke zaɓar wayar da za ta rayu.

15/ David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a shekarun 1960 da 'yan kyanwa. In aka rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya a makonnin farko, ko an buɗe daga baya idon ba ya gani yadda ya kamata, alhali lafiyarsa ƙalau. Ɗaya idon ya riga ya mamaye filin da ke ƙwaƙwalwa. In babbar kyanwa aka yi wa haka, ba abin da zai same ta. Akwai ƙofar da ke buɗe na ɗan lokaci, in ta rufe ta rufe. Sun samu Nobel a 1981.

16/ Sai rigar waya. Kun san wayar wuta da robarta. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa ma ana naɗe su da wani farin kitse da ke sa saƙo ya yi gudu. Jariri da kaɗan yake zuwa. Naɗin yana farawa daga ƙasa ya yi sama, daga baya ya yi gaba, shi ya sa yake riƙe wuya kafin zama, zama kafin tafiya. Gaban goshi, inda hankali da kame kai suke, sai an haura shekara 20. Masu samari a gida, ga amsarku.

17/ Na ƙarshe shi ne birki. Ƙwaƙwalwa tana da sinadarai masu cewa "tafi" da masu cewa "tsaya". Babban mai cewa tsaya sunansa GABA. A 1989 Yehezkel Ben-Ari da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa a jariran ɓeraye wannan GABA ɗin zuga ƙwayoyi yake yi maimakon ya kwantar da su, sai daga baya yake juyewa ya zama birki. Ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa maganin jijjiga da ke yi wa babba aiki yakan gaza a kan sabon haihuwa.

18/ Ku haɗa ukun: wayoyi sun yi yawa, robarsu ba ta gama ba, birki bai kama sosai ba. Ƙwaƙwalwar da aka shirya don ta koyi komai da sauri ita ce kuma mafi saurin kamawa da wuta. Shi ya sa shekarar farko ta rayuwa tana cikin lokutan da farfaɗiya ta fi farawa, sai kuma tsufa. Shi ya sa kuma zazzaɓi kawai kan sa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 jijjiga, abin da ba ya yi wa babansa. Wannan ta zazzaɓi fa ba farfaɗiya ba ce, yawanci tana wucewa.

19/ Mu koma baya kaɗan, na yi gaba da yawa. Duk wannan ba zai yi amfani a asibiti ba sai an iya sauraron wutar ƙwaƙwalwar mai rai. Wani Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukarta a garin Jena a 1924, ya ɓoye abinsa shekara 5 don tsoron kada a yi masa dariya. Ya buga a 1929, aka kuwa yi watsi da shi, sai da Edgar Adrian na Cambridge ya tabbatar a 1934. Wannan shi ne gwajin EEG da ake manna wa mutum wayoyi a ka.

20/ A 1952 wasu mata da miji a Amurka, Frederic da Erna Gibbs, suka bayyana abin da EEG ke nunawa a jarirai masu irin ciwon James. Ƙwaƙwalwa mai lafiya layukanta suna tafiya da tsari kamar sahun salla. Ta waɗannan yara kuwa hargitsi ne zalla, manyan igiyoyi suna tashi ta ko'ina, ba wanda ke bin wani. Suka sa masa suna hypsarrhythmia, daga kalmomin Girkanci masu nufin tsawo da rashin tsari.

21/ Ga inda ya kamata gaban kowa ya faɗi: hargitsin nan ba lokacin duƙawar kaɗai yake ba. Yana nan tsakanin jijjiga da jijjiga, yana nan cikin barci. Duƙawar da uwa ke gani ta daƙiƙa 1 ko 2 ce, amma ƙwaƙwalwar tana cikin hayaniya dare da rana.

22/ Yanzu ku tuna noman gero. Wata 3 zuwa wata 12, daidai lokacin da ciwon ya fi zuwa, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke zaɓar wayoyin gani, ji, gane fuska da harshe. Da amfani take zaɓa. In abin da ke bin wayoyin hayaniya ce maimakon muryar uwa, to hayaniyar za ta gina. Wannan ita ce amsar tambayar West, dalilin da ya sa ɗansa ya daina murmushi. Shekara 111 tsakanin wasiƙarsa da wannan hoto.

23/ Magani ya zo a 1958 daga Beljiyam. Likitoci biyu, Sorel da Dusaucy-Bauloye, suka gwada allurar ACTH, wani sinadari da jiki ke yi da kansa don ya sa a fitar da sinadarin kotizol. A wasu yaran duƙawar ta tsaya, EEG ya gyaru. Ba maganin farfaɗiya ba ne na al'ada, kuma har yau masana suna muhawara a kan hanyar da yake bi. A shekarun 1960 Henri Gastaut na Marseille da abokansa suka sa wa cutar sunan West. A 1991 Catherine Chiron a Paris ta nuna vigabatrin ma yana aiki, ko da yake daga baya an gano yakan taɓa gefen gani.

24/ Amma akwai wani ɗaurin da bai kwance ba. Likitoci sun raba farfaɗiya gida biyu: mai tashi daga wuri ɗaya, da mai kama ƙwaƙwalwa duka. Ta farko ana iya yi mata tiyata, tun 1886 Victor Horsley ya fara a Landan. Ta biyu ba a taɓawa, don me za ka yanke? Ciwon West a gida na biyu aka sa shi, tunda jiki duka ke naɗewa, EEG ma ko'ina a hargitse.

25/ A 1990 Harry Chugani da abokan aikinsa a Los Angeles suka sa irin waɗannan jarirai a na'urar PET, mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke cin sukari. A wasunsu sai ga wuri ɗaya tak da ba ya aiki daidai. Aka yi tiyata aka cire wurin, aka duba, sai ga tabon nan na ayarin da ya ɓata hanya tun a ciki. Duƙawar ta tsaya.

26/ Wuri ɗaya ƙarami, amma ya hargitsa gari duka. Ta yaya? Ta waya. Tabon yana aika saƙo ƙasa zuwa cibiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa da gindinta, su kuma suna da layi zuwa ɓangarorin biyu da kuma jiki. Kamar waya ɗaya ta haɗe a wani gida, taransifoma ta buga, unguwa duka ta shiga duhu. Ba gidajen ne suka lalace ba.

27/ A gaskiya wani likita a nahiyarmu ya riga ya hango wannan. A 1950 Krynauw na Johannesburg ya ba da rahoton mutum 12, yawancinsu yara, da ya cire wa rabin ƙwaƙwalwar da ya lalace. Rabi fa! Jijjiga ta tsaya a mafi yawansu, har hali da karatu suka gyaru. Wato rabin mara lafiya ne ke hana mai lafiya sakat. Kuma in yaro ƙarami ne, rabin da ya rage yana iya ɗaukar har aikin magana. A babba hakan ba ya yiwuwa.

28/ A 2002 Susan Spencer ta Jami'ar Yale ta fito ta ce a daina tambayar "ina wurin?" kawai, a tambayi "wane layi?". A 2010 ƙungiyar duniya mai yaƙi da farfaɗiya, ILAE, ta sake fassara rabe-raben da harshen layukan sadarwa: wata jijjigar tana tashi a layin ɓangare ɗaya, wata tana kama layukan ɓangarori biyu cikin ƙiftawar ido.

29/ Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda ciwon ke canja kama da shekaru. Yaro ɗaya, tabo ɗaya: yana sabon haihuwa jijjigarsa daban, a wata 6 ta koma duƙawar West, a shekara 3 ko 4 ta koma wata iri mai yar da shi ƙasa. Tabon bai motsa ba, hanyoyin da ke kewaye da shi ne suka sauya. Hotunan MRI sun nuna layukan yaro na kusa-kusa ne, maƙwabci da maƙwabci, yana girma ana shimfiɗa masu dogon zango.

30/ Wannan sauyin wani lokaci alheri ne. Akwai farfaɗiyar da yaro ɗan firamare zai yi tsai yana kallon wuri ɗaya na daƙiƙa 10, malam ya zaci iskanci ne ya kai masa bulala. Akwai mai zuwa cikin barci ta karkata baki. Waɗannan yawanci suna tafiya da kansu kafin ko wajen balaga, in ƙwaƙwalwa ta gama rage shukarta. Ta West ce ba ta jira, kuma ba a jiranta.

31/ Tana samun kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000. Cikin abubuwan da ke jawo ta akwai waɗanda muka sani sarai: doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, sanƙarau, faɗuwar sukarin jini a kwanakin farko. Binciken da aka yi a Ingila ya nuna yadda aka daɗe kafin a fara magani, haka basirar yaron ke raguwa daga baya. Da makonni ake lissafin, ba watanni ba.

32/ Ni a ganina babbar matsalarmu ita ce ciwon ba ya kama da abin da muke kira farfaɗiya. Ba faɗuwa, ba kumfa. Sai a ce ciwon ciki ne, ko firgita, ko an bar shi shi kaɗai da magariba. A yi hayaƙi, a yi rubutu, a ba shi ruwan ɗumi, wata biyu ya wuce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 za su iya rabuwa da jijjiga in sun samu magani daidai.

33/ In jariri yana naɗewa ko yana zabura a jere, musamman da ya farka daga barci, ko ya daina murmushin da ya saba, ku ɗauki bidiyo da waya ku nuna wa likitan yara a ranar. Da wuya abin ya zo a gaban likita, bidiyon ne shaidarku. Ku nemi a yi EEG. Inda ba ACTH, ƙwayar prednisolone mai araha tana aiki, amma likita ne zai auna ya kuma bibiya, ba ta kemis ba ce.

34/ Wasu za su tambayi ƙarshen James. Uban ya rasu a 1848. Locock, wanda ya duba yaron bai iya komai ba, shi ne a 1857 ya sanar da bromide, maganin farko da ya taɓa rage farfaɗiya da gaske. James kuwa ya ƙare a gidan kula da masu naƙasar ƙwaƙwalwa na Earlswood, ya rasu a 1860 yana da shekara 20, tarin fuka ne ajalinsa. Shugaban likitocin gidan a lokacin shi ne John Langdon Down, wanda daga baya aka sa wa cutar Down sunansa, kuma yaran da ke da ita suna cikin waɗanda jijjigar West ta fi kamawa.

35/ A 2022 ILAE ta sauya wa cutar suna a hukumance zuwa mai siffanta jijjigar kanta, don a haɗa har da jariran da alamunsu ba su cika uku ba, kada a tsaya jiran su cika kafin a fara magani. A asibitoci dai har yanzu West ake cewa.